Cocin ƙasa na Wusasa ya doshi shekara ɗari

Mu mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada, Zariya ba baƙon gari ba ce a wurinmu. Da an wuce Kwanar Ɗangora an kama hanya. Sai dai yawancinmu Tudun Wadan Zariya ko Samaru muke tsayawa. Ba kowa ke ratsawa Wusasa ba, unguwar da ke gindin dutse a yammacin birni, inda cocin St. Bartholomew yake tsaye tun 1929.

Asalin labarin a Kano ya soma, kuma da kora. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso da ayarinsa, Sarki Alu ya ce su tattara su koma. Cikin ayarin akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda korar ba ta sa ya yi zuciya ba. Ya zauna a Girku, daga baya a 1905 ya samu wuri a cikin birnin Zazzau, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya duƙufa kan Hausa har ta zauna masa a baki. Aikin fassarar da ya jagoranta shi ya kai ga fitowar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932.

Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa fada daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki ba. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe aka daidaita a kan a koma bayan ganuwa, wato Wusasa. Miller bai so tashin ba, ya koma Kano, sai Guy Bullen ya riƙe ragamar sabon mazaunin.

Abin da ya fi burge ni da mutanen nan shi ne irin ginin da suka zaɓa. A lokacin, coci a kudu kwano ne da bulo da hasumiya irin ta Ingila. A Wusasa kuwa magina Hausawa aka kira, aka kwaɓa ƙasa, aka jera tubali, aka ɗaura baka da azara ta ɗauki rufin soro, fasahar da Babban Gwani ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara ɗari kafin nan. Bango mai kauri yana tare zafin bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu. Bahaushen da ya shiga, ko wane addini yake bi, ba zai ji ya bar gida ba. A ganina wannan shawara ta fi wa'azi dubu bayyana abin da suke nufi: mutum zai iya zama Kirista bai daina zama Bahaushe ba.

Daga 1930 har bayan samun 'yancin kai, wannan 'yar unguwa ta yi abin da manyan garuruwa ba su yi ba. Asibitin St. Luke yana karɓar kowa. Makarantar mishan, tun tana birni har ta dawo nan, ta yaye Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa; da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A 1966 Yakubu Gowon, da ya tashi a Wusasa, ya zama shugaban ƙasa, a shekarar kuma Ishaya Audu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Dukansu biyu a 1975 suka sauka.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, 'ya'yan unguwa suka watsu Kaduna da Legas da Abuja neman abinci, Zariya ma ta sha nata rikice-rikicen. Wusasa ta lafa, amma ba ta mutu ba. A 1997 ta samu bishop nata na kanta.

Matsalar ginin ƙasa ita ce ba ya haƙuri da sakaci. Yana son yaɓe kafin damina, a duba indararo, a sauya azarar da gara ta ci. Maginan da suka iya ɗaurin baka kuwa suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma siminti. Kafin 2029 ya kamata hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, da masarautar Zazzau, da sashen koyar da zanen gine-gine na jami'ar da ke Samaru su haɗa hannu da majami'ar, a nemo ragowar tsofaffin maginan birni, a biya su su gyara, a kuma sa ɗalibai su tsaya a bayansu suna koyo.