Cinikin ungulu a kasuwannin gargajiya: asalinsa, illarsa da matsayin doka

Ungulu tsuntsuwa ce mai cin mushe, wadda ta daɗe tana zaune kusa da mutane a Afirka ta Yamma. Irin da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne mai suna Necrosyrtes monachus a kimiyyance. A da, da wuya a ga kwata ko rumfar mahauta babu ita a kan bishiya ko rufi, har Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Yau a garuruwa da dama ta ɓace daga kwata, sai dai a tarar da kanta ko ƙafarta a busashe a shimfiɗar masu sayar da kayan magani.

Me ake saye, kuma don me?

Ana sayar da ungulu da rai ko a mace, sukutum ko gunduwa-gunduwa: kai, ƙwaƙwalwa, ƙafafu, gashi da ƙwai. Masu saye na neman su ne don haɗa maganin tsari, farin jini, sa'a a kasuwanci ko a takara, da kuma wasu cututtuka. Kimiyya ba ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan amfanoni ba. Binciken kasuwanni ya nuna Najeriya da Jamhuriyar Benin ne kan gaba a wannan ciniki a yankin, kuma da tsuntsuwar ta yi ƙaranci a gida, dillalai suka koma nemo ta daga ƙasashe maƙwabta.

Yadda ake kama ta

Hanyar da ta fi yin ɓarna ita ce barbaɗa guba, galibi maganin ƙwari na gona, a jikin mushe. Da yake ungulu na ci ne a garke, tarko ɗaya kan hallaka da yawa a lokaci guda. A farkon 2020 an tsinci gawarwakin ungulu fiye da 2,000 a Gini Bisau, da dama an sare musu kai. Gurbin da aka bari ba ya saurin cikewa, domin ƙwai ɗaya tak take yi a kakar haihuwa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Abin da al'umma ke asara

Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba a biya. Takan cinye mushe kafin ya ruɓe, kuma ruwan cikinta na da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta masu haɗari. Abin da ya faru a Indiya ya nuna sakamakon rashinta. Daga shekarun 1990, maganin dabbobi mai suna diklofenak, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurarsa, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan nau'o'inta uku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru. Gwamnatin ƙasar ta haramta ba dabbobi maganin a 2006. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutum kusan dubu 500 tsakanin 2000 da 2005.

Matsayin doka

Yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta hana tsallaka iyaka da ungulu ko sassan jikinta ba tare da takardar izini ba. A cikin gida akwai dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 don tsananta tara. Aiwatar da ita na wuyan hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, da aka kafa a 2007, tare da jami'an kwastam a kan iyakoki. Sai dai kasuwanni da kwatoci yawanci suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi da jihohi ne, kuma a nan giɓin yake: dokar ta tarayya ce, amma rumfar da ake cinikin, wata hukuma dabam ce ke karɓar harajinta. Muddin ba a haɗa kai da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya ba, haramcin zai ci gaba da zama a takarda kawai.