Tarihin Adon Goshin Mota: Yadda Ake Gane Na Asali

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Marsandi ba tauraro a goshinta ya san kamar an cire wa dattijo hula ne. Motocin farko murfin lagiretonsu a waje yake, kuma a 1912 wani kamfani a Amurka ya fito da Boyce MotoMeter, ma'aunin zafi da ake ɗaurawa a kan murfin, direba na hango shi daga mazauninsa ya san ko ruwa ya kusa tafasa. Da masu kuɗi suka ga wurin ya dace da nuna isa, kowa ya shiga ɗora abin da ransa ke so.

Wannan ne ya dami Rolls-Royce a Ingila. Masu sayen motarsu na maƙala mata tarkacen da shugaban kamfanin, Claude Johnson, yake ganin zubar da daraja ne. Sai ya sa mai sassaƙa Charles Sykes ya ƙera musu nasu. A 1911 aka fito da Spirit of Ecstasy, mace ta karkato gaba, mayafinta na kaɗawa a baya kamar fukafukai. Akasarin masu tarihi na cewa siffar Eleanor Thornton ce, sakatariyar Lord Montagu, wadda ta rasu a 1915 lokacin da jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin ruwan Persia.

To, a nan mai gyaran tsohuwar mota yake shiga tsaka mai wuya, domin adon bai tsaya a kama ɗaya ba. Na farko-farko ruwan azurfa aka yi musu, daga baya aka koma wasu ƙarafan. A 1934 Sykes ya yi wata a durƙushe, don kada ta tare wa direba gani a motocin da suka fi ƙasa. Ka ɗauki ta durƙushe ka ɗora wa motar 1920, ko da ta asali ce, ka yi wa tarihi ƙarya. Kuma da kakin zuma ake fitar da siffar kafin a zuba narkakken ƙarfe, irin dabarar masu zubin tagulla na Benin. Mai jabu kuwa daga jikin wata yake kwafa, shi ya sa tasa kan ɗan fi ƙanƙanta, yatsu da gashi su dakushe, sa hannun Sykes da ke gindin tsofaffin ya zama dishi-dishi.

Na gilashi da René Lalique ya yi a Faransa a shekarun 1920 su ma haka. Wanda aka yi yana raye yakan zo da "R. Lalique", bayan rasuwarsa a 1945 aka daina sa harafin R. Harafi ɗaya ke raba farashi nesa ba kusa ba, don haka ’yan damfara suke ƙara shi da hannu.

Tsoron soke mai tafiya a ƙasa ne ya kashe yayin. Peugeot ta cire kan zaki daga goshin 403 a ƙarshen shekarun 1950, shi ya sa 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 zakinta a shafe yake a gaba, ba a tsaye ba. Wanda ya dasa wa 504 zaki a saman bonet, ni dai a ganina ya ɓata rawarsa da tsalle.

Idan ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa neman tauraron Marsandi, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Juya gindinsa ka duba lambar kaya, ka gwada ta da samfurin motarka da shekararta. Sannan ka tura shi da yatsa: na asali zai kwanta ya dawo daram, saboda sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa.