Tsohuwar kwamfuta da manhajar gano kuskure: abin da ya kamata mai koyo ya sani

Matashin da ke koyon rubuta manhaja a Birnin Kudu ko Gwaram yakan fara ne da kwamfutar gwanjo, wadda galibi daga Kano ake sayo ta. Idan babbar manhajar da ke tafiyar da ita Windows 7 ce, cikas na farko yakan bayyana ne wajen ɗora manhajar gano kuskure, wato wadda ke tsayar da aiki layi bayan layi domin a ga inda lissafi ya karkace.

Dalili shi ne, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, masu ƙera manhajoji kuma suka bi sahu. Sabbin fitowarsu na neman wasu fayiloli da babu su a tsohon tsarin, sai su ƙi buɗewa.

Mafita ta farko ita ce neman fitowar ƙarshe da ta dace. Ga Python, 3.8 ce, daga 3.9 ba ta aiki. Ga Visual Studio Code, 1.70 ta shekarar 2022. Ga burauza, Chrome 109 ko Firefox 115, waɗanda danna F12 ke buɗe kayan bincikensu. A fara da ɗora Service Pack 1, kuma a sauke komai daga shafin masu shi na ainihi. Python na zuwa da nata mai gano kuskure, pdb, wanda ba ya cin data.

Sai dai akwai haɗari. Kwamfutar da ba a toshe mata ɓaraka tana buɗe ga masu kutse, kamar yadda harin WannaCry na watan Mayun 2017 ya nuna. Mafita mai ɗorewa ita ce komawa Linux, misali Lubuntu, wanda kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma yana karɓar sabbin manhajoji.

Lamarin ya shafi manufofin gwamnati. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, sannan wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Don haka duk lokacin da ɗan siyasa ya raba kwamfutoci, ya dace matasa su tambaya: wace babbar manhaja ce a ciki, kuma wa zai riƙa sabunta ta?