Wasannin Sega Da Aka Raina A Agege

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Zangon Agege a shekarun 1990 ya san shagunan gem, inda canjin burodin da aka aike mu saye yake ƙarewa, Allah Ya yafe mana. Sega Mega Drive ce ke tashe, kuma kaset ɗaya ake layi a kansa: Mortal Kombat.

Sai da na girma na gano dalili. Cikin minti biyu an gama dambe, wanda aka kayar ya tashi, wani ya biya. Mai shago ba ya son wasan da yaro zai shafe awa guda a kai, don haka sauran kasakasan suna leda, ƙura na cin su.

Cikinsu akwai Gunstar Heroes, wanda kamfanin Treasure ya fitar a 1993. Mutum biyu ke haɗa kai maimakon su doki juna, ga makamai iri huɗu, in ka gama biyu su ba ka sabo. Ban daɗe da zuwa daga Katsina ba, a kansa na yi abokina Bayarabe na farko: ni ba Yarbanci, shi ba Hausa, sai ihu da nuni da yatsa.

Comix Zone kuwa, labarin mai zane da ya faɗa cikin littafinsa tare da ɓeransa, ya makara. A 1995 ya fito, hankalin duniya ya koma kan PlayStation. Ga wuya, ba a ajiye inda ka tsaya. Ranar da na kai shafin ƙarshe aka ɗauke wuta, mai shago ya ce kuɗina ya ƙare.