Injiniyan da ke Cikin Littafinka: Daga Ina Digirinsa Ya Fito?

 A littattafanmu na hikaya ba a rasa Injiniya wane, mai mota da gida a unguwar masu hannu da shuni. Sai dai da wuya a gan shi a bakin aiki, ko a ji abin da ya shekara biyar yana karantawa. Wannan makon bari mu bi tarihin karatun nasa, domin akwai labari a ciki da muke bari yana wuce mu.

Asali, injiniya a Turai ma'aikacin soja ne. Shi ke gina ganuwa, ya ɗaura gada don mayaƙa su ƙetare. A 1747 Faransa ta buɗe makarantar gadoji da hanyoyi a birnin Faris, don horar da masu yi wa jama'a aiki. A Ingila kuma John Smeaton, wanda ya kammala hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Eddystone a 1759, ya riƙa kiran kansa injiniyan farar hula, don a bambanta shi da na soja. Sunan fannin ke nan a Turance har yau, mu kuma mun fi cewa injiniyan gine-gine.

An daɗe ana koyon sana'ar a hannun gwani, yaro ya shekara da shekaru a ƙarƙashin maigida. Da layin dogo da gadojin ƙarfe suka yawaita, sai ido da gogewa suka kasa, aka buƙaci lissafi kafin a aza tubalin farko. A 1835 makarantar Rensselaer ta Amurka ta ba da digirin farko na fannin a ƙasar, a 1840 kuma Jami'ar Gilasgo ta naɗa farfesa a kansa.

Amma takarda kaɗai ba ta riƙe gini. A gadar Kwibek ta Kanada, an ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800 ba tare da an sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Wani matashin injiniya ya ga ƙarafa suna lanƙwashewa, ya tafi Niyok ya sanar da babban injiniyan. An buga waya a daina ƙara nauyi, amma saƙon bai isa wurin aikin ba sai da gadar ta rufta a ranar 29 ga Agusta, 1907. Ma'aikata 75 suka rasu.

A ƙasar Hausa ba digiri ne ya kawo gwanintar gini ba. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da ƙasa da azara. Ilimin yana kan magina, ɗa ya gada wurin uba, Sarkin Magina na sa ido.

Ilimin boko na fannin kuwa da ƙyar ya shigo Nijeriya. Sai da Herbert Macaulay ya je Ingila a 1890 ya karanto shi. Babbar Kwalejin Yaba da aka buɗe a 1934 difloma take bayarwa, waɗanda ta yaye kuma mataimakan Turawa suke zama a ma'aikatar ayyuka. A shekarun 1950 ne reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya fara koyar da injiniyanci, ɗalibai na zana jarrabawar digirin Jami'ar Landan. Wannan tsangaya ce Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962. A 1970 aka kafa hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista. Kun ga ke nan, takaddamar difloma da digiri da muke yi a yau tana da tsohon tushe.

Ɗalibin yanzu yakan shekara biyar yana fama da lissafi, ƙarfin siminti da rodi, yanayin ƙasar da za a haƙa harsashi, tafiyar ruwa, da safiyo. A aji huɗu yakan yi wata shida a filin aiki. Ƙarshen duk wannan wahala shi ne ya sa hannu a kan zane, ya ɗauki alhakin duk wanda zai kwana a ƙarƙashin wannan dakin.

Nan ne labarin yake. Ɗan kwangila ya ce a rage rodi, mai gida ya ce a ƙara bene a kan harsashin da ba a lissafa masa ba, ga aure ya matso, ga albashi bai shigo ba. Zai sa hannu ko zai ƙi? Duk mai son Injiniyansa ya zauna a zuciyar mai karatu, ya rage masa motoci, ya kai shi bakin aiki ranar zuba dakin, ya miƙa masa biro.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.