Iska da Ƙura: Tarihin Matatar Inji Daga Gona da Filin Tsere Zuwa Garejin Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk direban da ke bin hanyar da ta tashi daga mararrabar Mayanchi, ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas ta dire Gummi, ya san kuɗin litar mai a kowane gidan mai da ke kanta. Abin da ba kasafai ake lissafawa ba shi ne iskar da motar ke sha. Kafin inji ya ƙona litar fetur guda, sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000, domin a ma'aunin nauyi kowane kilo na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. A yammacin Zamfara kuwa iskar ba ta zuwa ita kaɗai. Da hunturu tana tafe da hazo, da bazara tana tafe da zafi da ƙurar burji, da damina kuma ga ruwan mashigi yana jira.

Abin da ya taso da wannan magana shi ne yayin da ya shigo tsakanin samari masu son mota. A cire akwatin iska na asali, a ɗaura wata matata mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, da bututun ƙarfe mai ƙyalli, wai don mota ta ƙara gudu da ruri. Yayin ya fi ƙarfi a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, amma wayar hannu da 'yan sifiya sun rage nisa, abin da aka gani a birni yau gobe ana tambayarsa a garejin ƙaramar hukuma. Kafin mutum ya ba da motarsa a yi mata wannan aiki, ya kamata ya san daga ina matatar iska ta samo asali, da kuma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta.

Daga gonar Amurka aka fara

Motocin farko ba su da matata ko kaɗan. A 1893 Bajamushen nan Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai fesa mai, wadda ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, amma bakinta a buɗe yake, duk abin da iska ta ɗauko sai ya wuce ciki. A gona aka fara ganin ɓarnar hakan ƙarara. A 1915 wani ma'aikacin kamfanin tarakta mai suna Frank Donaldson ya je jihar Utah ta Amurka duba taraktar wani manomi da ke yawan lalacewa, ya gano ƙurar gona ce ke cinye injin. Ya harhaɗa matata da hannunsa ya ɗaura, taraktar ta daina mutuwa. Kamfanin da ya kafa da sunansa yana nan har yau yana yin matatun manyan injuna.

Dalilin ɓarnar a fili yake ga duk wanda ya taɓa buɗe inji. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen bulo tauri. Idan ta shiga tsakanin fistin da bangon silinda, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ƙarfen a hankali, ringi ya saki, mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, ƙarfi ya ragu, daga nan sai sauke inji.

Matatar da ta mamaye motoci bayan wannan ita ce mai kwanon baƙin mai. Tsofaffin direbobi ba su manta da ita ba. Wata tukunya ce ta ƙarfe a gefen inji, a gindinta akwai kwano mai layin da ke nuna iyakar mai. Iska za ta sauko ta bugi fuskar man ta juya sama ta ratsa curin waya, ƙura kuwa ta nutse a ƙasa. Aikin yaron mota ne ya kwance kwanon, ya zubar da taɓon da ya kwanta, ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai daidai layi. Landiroba da tarakta da tsohuwar Boswaja da manyan motocin wancan zamani duk da irinta suka yi aiki. Tana da nauyi da ɓata hannu, amma ba a sayen sabuwa, kuma ta dace da ƙasa mai ƙura.

Yadda inji ya iso yammacin Zamfara

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya tashi daga Zariya ta Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Anka da Gummi da Bukkuyum ba su samu dogo ba. Auduga da gyaɗa da hatsin wannan yanki a bayan jakuna da raƙuma suka riƙa fita, har manyan motoci irin su Bedford, daga baya Marsandi 911, suka karɓi aikin. Hanyoyin na burji ne, mota na bin bayan mota cikin jan hazo. Makanikan farko sun koyi sana'ar a wuraren gyaran motocin gwamnati da na En'e da na kamfanoni, su kuma suka yaye yara, yaran suka buɗe nasu garejin a gindin bishiya kusa da tasha.

A 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, 404 da 504 suka zama motocin Arewa: tasi, akori-kura, motar ofis da ta alhazai. Sunan da suka yi ba a banza ba ne. Fijo 404 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta lashe a 1975 da 1978, a hanyoyin ƙura da taɓo irin namu. Kafireta ce a jikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, bakanike yana saita ta da sukudireba da kunnensa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Daga nan aka koma ga 'yan Beljiyam da ke sauka Kwatano, wasu su biyo ta Maraɗi su shigo. A lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, irin waɗannan motoci ne ke cika tasha, daga baya Golf da Sharon suka zama motocin haya na Gusau zuwa Gummi. Sun zo da abubuwa biyu da suka sauya aikin gareji. Na farko injekta, wadda kamfanin Bosch ya fito da ta lantarki a motar Volkswagen tun 1967, inda ƙaramar kwamfuta ke auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita. Na biyu matatar takarda mai ninki-ninki a cikin akwatin roba, wadda an yi ta ne don a jefar idan ta cika. Mu kuwa sai muka ɗauko al'adar tsohuwar matata muka ɗora mata: a kai wa mai faci ya hura da iskar taya, a karkaɗe a jikin taya a mayar. Hurawa kaɗan daga ciki zuwa waje tana rage ƙura, amma iska mai ƙarfi tana fasa takardar inda ido ba ya gani.

Matatar 'yan tsere

Ita matatar da samari ke yayi tana da nata tarihin. A garin Riverside na jihar Kalifoniya, wasu masu sayar da babura kuma masu sha'awar tsere, Ken Johnson da Norm McDonald, sun ga matatar takarda tana saurin toshewa a tseren daji. A 1969 suka fito da matatar auduga mai 'yan ninki tsakanin ragar waya, ana shafa mata wani mai na musamman da ke kama ƙura, ana wanke ta a sake amfani da ita. Haruffan farko na sunayensu ne suka zama K&N. Daga nan wasu kamfanoni suka bi, aka ƙara da faffaɗan bututu mara lanƙwasa da yawa, wanda ake miƙa bakinsa nesa da zafin inji. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya kai wannan ado idon samarin duniya.

Hikimar abin gaskiya ce. Iska mai sanyi ta fi mai zafi cika, don haka inji yana samun abin ƙona mai fiye da da, kuma hanya mai faɗi tana rage masa wahalar zuƙa. Sai dai ribar a motar gida 'yar kaɗan ce, ƙarfin doki ƙalilan, shi ma sai an take totur an kai inji ƙarshen juyawarsa. Abin da direba ya fi ji shi ne ruri, kunne kuma yakan gaya wa mutum cewa mota ta ƙara gudu. Mai son ƙarin ƙarfi na sosai sai ya koma ga turbo, wanda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, mai amfani da hayaƙin salansa wajen danna iska cikin inji. Shi kuwa turbo ya fi kowa ƙin ƙura, domin fukafukansa suna juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda.

Abin da ƙasarmu ke yi wa wannan matata

Ɗan tsere yana wanke matatarsa bayan kowace gasa, yana kuma sauke injinsa a kai a kai, domin kofi yake nema. Direban da ke lodin kasuwar Nasarawar Burkullu yana son injin da zai yi masa shekaru. Matatar da ke barin iska ta wuce da sauƙi takan bar ƙura mai laushi ta wuce fiye da takarda mai kyau, hazon hunturu kuwa, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, yana cikin ƙura mafi laushi. Wannan idan an samu ta ainihi ke nan. Kwaikwayonta da ke yawo a kasuwa sau da yawa ba a ma san tana buƙatar mai ba, a bushe ake ɗaura ta.

Ga kuma zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi yana haura digiri 40 a wannan yanki. Idan aka cire akwatin asali aka bar mazurarin tsirara a ƙarƙashin bonet, iskar da ta fito daga lagireto ita zai sha, wato an yi asarar abin da aka je nema. Idan aka saukar da bakin bututun ƙasa kusa da bamba don neman sanyi, ranar da aka faɗa mashigi da damina inji zai zuƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe nan take. Wanda ya ga ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ya san ruwa ba baƙo ba ne a hanyoyin gaɓar Gulbin Zamfara. Sannan idan man matatar ya yi yawa yana iya shafar na'urar auna iska, lissafin kwamfuta ya rikice, mota ta riƙa shan mai tana kakarewa. Gyaran da ya fi dacewa da nan shi ne wanda ake gani a jikin Land Cruiser da Hilux na masu shiga daji: bututun da ya hau gefen gilashi har rufin mota, inda ƙura ta fi sauƙi kuma ruwa ba ya kaiwa, matatar asali tana nan a mazauninta.

A ƙauyuka ma babur ne motar kowa. Boxer da Honda da takwarorinsu suna da soso ko takarda a akwatin gefe, kuma ɗan kabu-kabu yakan zo ya ce, "Maigida, mashin ɗin ga ba ya shan iska, cire mani soson." Babur zai yi ƙara ya ɗan yi sauƙin tashi, amma mai ya yi wa iska kaɗan, inji ya riƙa zafi, kafin a ankara ana neman sabon fistin da ringi. Haka abin yake ga injin ban ruwa a fadama da janareta da injin niƙa.

Injin niƙa kuwa shi ya koya wa wannan yanki darasi mafi ɗaci game da ƙura. Lokacin da haƙar zinare ta bunƙasa, an juya injinan niƙan hatsi zuwa niƙan dutse a cikin gidaje, ba tare da sanin dutsen yana ɗauke da dalma ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙauyen Bagega kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Allah ya jiƙansu. An sauya wa na'ura aiki ba a tambayi inda ƙurarta za ta je ba, kuma asarar ta wuce ta ƙarfe nesa ba kusa ba.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar da ake yi a gareji ta sauya. Mai mota ya rage neman gudu, yana neman abin da zai rage masa shan mai. Amsar ba ta cikin mazurari mai launi. A tsohuwar mota mai kafireta da babur, toshewar matata kaɗai tana ƙara shan mai, a mai injekta kuma tana rage ƙarfi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai mota, idan kana da filin tsere da kuɗin sauke inji, matatar 'yan tsere taka ce. Idan kuwa motar ce abincinka, bar mata akwatinta, ka nemi matata mai kyau ko da za a yo maka saƙonta daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ka duba ta a kai a kai da hunturu, ka tabbata robar bakinta ta zauna kuma bututun bai tsage ba. Ku kuma iyayen gidan gareji, ku koya wa yaranku cewa soson da aka cire yau, kuɗin sauke inji ne gobe.