Wa Ya Biya Kuɗin Rubutu? Tarihin Taimakon Masu Adana Kayan Gado, da Misalin Ƙasar Gumel

Kowane littafin tarihi da mu ke karantar da ɗalibai da shi, akwai wanda ya ɗauki nauyinsa, ko da ba a rubuta sunansa a bango ba. Nauyin nan kuwa kashi uku ne. Akwai kuɗin yawon bincike, akwai kuɗin ɗab'i, sa'an nan akwai na tsakiya wanda a kan manta da shi, watau abin da zai ci da marubuci da iyalinsa a watannin da ya ajiye aikinsa ya zauna yana rubutu. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa a ƙasar Hausa an sha biyan na farko da na ƙarshe, amma na tsakiyan nan ba safai a kan biya shi ba, balle a biya wa mutanen da su ke riƙe da kayan gadon da hannunsu. Na ɗauki ƙasar Gumel ta zama misali, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, don kuwa a nan ne giɓin ya fi fitowa fili.

Waɗanda Su Ka Rubuta Labarin Gumel

Mangawa su ka kafa sarautar Gumel wajen 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma. Ƙasar ta bi Barno, kuma jihadin Shehu Usmanu bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba. Sarakunanta sun zauna a Tumbi kafin su dawo Gumel, sun kuwa daɗe suna fama da yaƙe-yaƙe tsakaninsu da Haɗejiya da Kano da Damagaram, har zuwa 1903 sa'ad da Sarki Ahmadu ya bi Turawan Ingila.

To, wanda ya shiga ɗakin karatu yana neman labarin zamanin nan, da wa zai fara gamuwa? Zai fara da Dokta Barth, Bajamushen da a ke kira Abdulkarim, wanda ya sauka Gumel a watan Maris na 1851, a ƙarshen zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Shi ne ya bayyana garin da cewa babbar kasuwar kanwa ce, inda fataken Barno su ke sauke kaya, waɗansu su ɗauka su yi ƙasar Nufe da ita. Da ya komo a ƙarshen 1854 sai ya tarar rikicin sarauta ya rage garin ƙwarai. Gwamnatin Ingila ce ta biya kuɗin tafiyarsa, ya koma Turai ya zauna ya rubuta littafi biyar, su ka fito a 1857 da 1858.

Bayansa sai ma'aikatan iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da takwaransa na Ingila su ka kafa alamun iyakar da ta bi ta arewacin Maigatari, ta bar Tumbi a hannun Faransa. Tafintan ayarin, Landeroin, ya tattara labarun sarautun yankin daga bakin dattawa, Gwamnatin Faransa ta buga. A 1921 Razdan Gowers ya fitar da taƙaitaccen bayanin Lardin Kano, har da Gumel a ciki. A 1966 kuma littafin Hogben da Kirk-Greene na tarihin masarautun Arewa ya ba ta babi guda.

Abin lura a nan shi ne, kusan dukan mutanen nan baƙi ne, albashi kuwa yana tafiya suna rubutu. Dattawan fada da maroƙa da malaman da su ka ba su labarin, su ne masu ilmin, amma ba wanda ya saye musu lokacin da za su shirya shi da kansu. Saboda haka abin da ya iso gare mu shi ne abin da baƙo ya ga ya kamata ya tambaya, cikin harshen da ya ga dama, a gwargwadon kwanakin da ya yi a garin.

Ofisoshin Talifi na Arewa

Ba za a ce Gwamnatin Arewa ba ta kashe kuɗi a kan littattafai ba. An buɗe Ofishin Fassara wajen 1930, ya zauna a Zariya, daga baya ya zama Ofishin Talifi a hannun Dokta R. M. East. A 1933 a ka yi gasar ƙaga labari, littattafanta su ka fito a 1934. Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu ya faru ne a 1936. A shekaran nan a ka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina, a ka kai shi Zariya wata shida, ba shi da wani aiki sai rubutu. Abin da ya fito daga zaman nan shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda har yau a ke karantawa. Ba kyautar gasa ce ta haife su ba, ba kuma injin ɗab'i ba. An ɗauke wa malami aji ne, an bar masa abincinsa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mu ke da ita a gida, cewa sayen lokacin marubuci yana biyan kansa.

A 1945 a ka kafa Kamfanin Gaskiya, sa'an nan a farkon shekarun 1950 a ka kafa hukumar NORLA don samar wa masu yaƙi da jahilci abin karantawa. A zamaninta ne tarihin garuruwa ya sami shiga. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta na Kano a 1958. Sai dai a duba su wane ne marubutan. Manyan ma'aikatan En'e ne na manyan masarautu, masu albashi da magatakarda da littattafan gado a gida. Hukumar tana biyan ɗab'i, amma lokacin rubutu daga aljihun marubuci ya ke fitowa, wanda ba shi da hali kuwa sai ya haƙura. A 1959 a ka rufe NORLA saboda ciniki bai mayar da kuɗin da a ke kashewa ba. Kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966 na kasuwa ne, dole ya fi kula da littafin da makarantu za su saya da yawa.

Haka kuma da jami'o'i su ka shigo. Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan su ka haɗa kai a kansa, ya fitar da rahotonsa na farko a 1966, ya kuwa tattara ɗimbin rubuce-rubucen Larabci. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Aiki ne mai girma, amma hankalin masana ya fi karkata ga wurare biyu, Sakkwato mai littattafan masu jihadi, da Barno mai tarihin sarakunanta. Gumel kuwa tana tsakani. Sarautarta ta Barno ce, harshenta Hausa ne, tsohon mazauninta yana Jamhuriyar Nijar, wani sashe na labarinta kuma yana cikin Faransanci. Ƙasa irin wannan, in ba a keɓe mata kuɗi da gangan ba, kowane shiri sai ya ɗauka ta wani ce.

Ma'aikatan Kayan Tarihi

Yanzu sai mu juya ga waɗanda aikinsu shi ne tsare kayan kansu. A 1943 a ka naɗa Kenneth Murray mai kula da kayan tarihi na Nijeriya. A 1952 a ka buɗe gidan kayan tarihi na Jos ta ƙoƙarin Bernard Fagg, a 1953 a ka yi dokar kare kayan tarihi, a 1979 kuma a ka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kuɗin da a ke ba ma'aikatan nan na tono ne da gyara da gadi. Rubutu kuwa sai in an tashi daga aiki.

Labarin Zbigniew Dmochowski ya isa misali. Masanin gini ne mutumin Polan, ya yi aiki a Nijeriya daga 1958 zuwa 1965, ya komo daga 1972 zuwa 1981. Shi da mataimakansa 'yan ƙasa sun auna gidaje da masallatai da fadoji, har da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, shi ne kuma ya jagoranci gina gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos. Ya rasu a 1982, littafinsa mai kashi uku bai fito ba sai 1990. In haka ta sami mutum mai digiri da ofis da mataimaka, ina ga Sarkin Magina na ƙaramar masarauta?

Ga abin da a ke hasara in magini ya mutu bai rubuta ba. Ya san ƙasar da ta dace da tubali, ya san iyakar faɗin da azarar giginya za ta ɗauka kafin a nemi ɗaurin guga. Ya san makuba daga kwasfar ɗorawa a ke samunta. Ya san laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, a shafe soro ruwa ya kasa shiga. Katsi kuwa daga karofi ya ke fitowa, gashi daga majema. Watau ran da marina su ka bar karofi, ran nan laso ya fara mutuwa, ko da maginin yana da rai. Mai nazarin harshe zai iya samun kalmomin nan a ƙamusun Bargery na 1934, amma ƙamus ba ya faɗin gwargwado, ba ya faɗin kwana nawa a ke barin kwaɓi ya ruɓa. Wannan sai mai sana'a, kuma sai an zaunar da shi da mai alƙalami wata da watanni.

Yadda A Ke Yi a Wani Wuri

A Amurka an gane wannan giɓi. A shekarun 1990 Gidauniyar Samuel H. Kress ta fara ba ƙungiyar masu gyaran kayan tarihi ta ƙasar kuɗi, don a ba ƙwararre guda abin da zai riƙe shi ya ajiye aiki ya rubuta littafi a kan sana'arsa. Dalilinsu shi ne, mai gyaran tsohon zane ko tsohuwar takarda da hannunsa ya ke ci, in ya tsaya rubutu abincinsa ya tsaya. Wannan kuwa ba wani abu ba ne illa abin da a ka yi wa Malam Abubakar Imam a 1936, sai dai su sun mai da shi ƙa'ida.

Sauran hanyoyin taimako da su ka iso gare mu kowace da iyakarta. Shirin da Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya fara a 2004 don ceton takardun da ke shirin lalacewa ya biya kuɗin ɗaukar hoton waɗansu takardu a Nijeriya ta Arewa, amma hoto ajiya ce, ba bayani ba ne. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana taimakon malamai su mai da rubutunsu littafi, amma na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Magatakardan fada ba ya ciki, mai tsaron littattafan gidan limami ba ya ciki, magini da maroƙi ba su ciki.

Abin da Ya Kamata Ƙasar Gumel

Tun da a ka kafa Jihar Jigawa a 1991, shawarar irin wannan kuɗi ta matso kusa da gida, ba sai an je Kano ko Kaduna ba. Akwai Kwalejin Ilmi a Gumel, akwai Majalisar Sarki, akwai ƙananan hukumomi huɗu. Abin da tarihin nan ya ke nunawa shi ne a riƙa ba da taimakon ga mutum biyu tare, mai ilmin da mai rubutun, a ɗauke wa malamin kwaleji aji na zango biyu, a kuma biya dattijon da zai zauna da shi, sunansa ya fito a bango daidai da na malamin. A rubuta da Hausa, don jikokin mai sana'a su iya karantawa. A kuma sa kuɗin ƙetare iyaka cikin lissafi, don ba a rubuta tarihin Gumel a bar Tumbi da Damagaram.

Abubuwan rubutawa kuwa ba su da wuyar samu. Akwai sarautun fada da asalin sunayensu, irin su Maina da Ciroma da Galadima, waɗanda harshen Barebari ya ba Hausa. Akwai hanyar kanwa, da yadda jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Gagarawa wajen 1930, ya sauya fatauci. Akwai kasuwar dabbobi ta Maigatari da ƙa'idodin dillalanta da fatomanta. Akwai ginin ƙasa a garuruwan Sule Tankarkar, wanda siminti da kwano su ke ture shi kowace shekara.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne su ka fi kusa da wannan aiki, don ɗalibansu 'ya'yan gidajen nan ne. Kuɗin ɗab'i a kan same shi ko ba jima ko ba daɗe, takarda kuma tana iya jiran mai ɗab'i shekara takwas, kamar yadda ta Dmochowski ta jira. Dattijo mai shekara tamanin shi ne ba ya jira, saboda haka kuɗin zama da shi ya kamata a fara nema.